Ban Yafe Ba

Shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafar Kaoje, ina aikin kula da jin daɗin jama'a a Bagudo. Cikin waɗanda aka damƙa mini akwai wani tsohon soja da ya dawo daga fagen fama da hannu ɗaya. Duk Laraba yakan zo in tambaye shi barci da abinci, ya ce, "Alhamdu lillahi," in rubuta.

Wata rana matarsa ta zo da murna, wai maigida ya shiryu. Ya kyautar da takalmansa na soja, yana bi gida-gida neman gafara. Har liman ya yaba. Ni kuwa ban yaba ba. Mutumin da ba Makka za shi ba, ba kuma ciwo ya kwantar da shi ba, sallamar me yake yi, in ba kansa yake shirin kashewa ba?

Na rubuta wa manya a turo likitan ƙwaƙwalwa. Suka ce in cike takarda, na cike. Suka ce babu mota. Mota! Da biki ne ai da an samu.

Larabar nan ya tsaya a bakin ƙofata, ya ƙame kamar a fareti, ya ce, "Malama, ki yafe mini."

Kowa ya san amsar, tun muna yara aka koya mana ita. Na haɗiye ta.

"Ban yafe ba, Baba. Ka dawo Laraba mai zuwa mu gani."

Ba ni da likita, ba ni da mota. Yafiyar nan kaɗai gare ni, ita na riƙe.