Tumatirin da Kanti Ya Ƙi

Mu biyar ne a bayan kantin a ranar. Da ni, da babban ɗana wanda ya noma tumatirin, da ƙanin marigayi maigidana da ya biyo mu don a ce da dattijo a tafiyar, sai direban a-kori-kurar da muka ɗauko daga Bagwai. Na biyar ɗin ma'aikacin kantin ne, wani siriri mai shuɗiyar riga da safar hannu ta roba.

Kantin yana bakin titin Kano, in an wuce Dawakin Tofa. Da aka buɗe shi atamfa mai araha yake sayarwa, da bokitai da silifas da kuloli da fitilun caji. Ban damu da shi ba. Ni kayan miya nake kasawa a gindin darbejiya ranar kasuwa, tun ina goyon wannan ɗan nawa, kuma ba mai zuba bokiti a miya. Sai wata shekara suka ware ɓangare guda suka jera tumatir da attaruhu da albasa da kabeji, a naɗe cikin leda, a wuri mai sanyi. Malaman makaranta da ma'aikata, waɗanda su ne ba sa ja-in-ja da ni a kan kashi, suka fara wuce ni da gaisuwa kawai. Mutum ya je sayo wa 'ya'yansa silifas, ya dawo da cefanen sati.

Sai ɗana ya ji cewa kantin zai riƙa saye daga hannun manoma ba tare da dillali ba. A shekarar gero bai yi ba, don haka abin da gidanmu zai ci har damina duk yana cikin fadamar nan tasa. Dillalin da ke ɗaukar kayanmu tun zamanin ubansa ya zo har gona, ɗana ya ce masa bana ya yi haƙuri, yana da masu saye. Dillalin ya kaɗe rigarsa ya ce Allah ya sa albarka. Na ji yadda ya faɗe ta, kuma ba ta kwanta min ba.

Muka tsinke tumatirin yadda kowa ke tsinka. An bar shi ya nuna jawur, an kwashe gonar gaba ɗaya don motar ta cika. Aka zuba a kwanduna, ƙanana a ƙasa, matsakaita a tsakiya, manya masu sheƙi a sama su zama fuskar kwando, aka rufe da ciyawa aka ɗaure. Wannan ba ha'inci ba ne. Duk mai saye ya san abin da ke ƙasa, kuma da saninsa yake tayawa. Na ware wani ɗan kwando daban na gyara, domin ban taɓa sallamar mai saye ba gyara ba. Na ce sai na bi su. So nake in ga mutanen da suka kwashe min masu saye.

A hanya ƙanin maigidana sai tsokanata yake. "Uwargida, yau za ki shiga kanti. Ki riƙe zanenki, an ce ƙofar da kanta take buɗewa."

Na ce, "Kai dai riƙe hularka. Ƙofar ma ta san wanda ba shi da ko sisi."

Ba mu ma ga ƙofar ba. Ta baya aka nuna mana, wajen da ake sauke kaya.

Ma'aikacin ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ɗana ya kwance kwandon farko, ya ja baya yana jiran a yaba. Mutumin bai ko dubi fuskar ba. Ya jawo wani faffaɗan akwatin roba ya ce a juye.

Ɗana ya ce, "A juye? Duka?"

"Duka, Malam. Ɗaya bayan ɗaya muke dubawa."

Aka juye. Abin da ke ƙasa ya dawo sama, ƙananan nan da nauyi ya danne tun daga Bagwai, wasu sun fashe, wasu kwandon ya yanke su. Ya riƙa ɗauka yana latsawa da yatsa yana ajiyewa gefe. Har manyan ma gefe yake tura su.

Na ce, "Yaro, wannan fa? Me ya yi maka?"

"Ya nuna da yawa, Inna. Mu wanda ya fara ja muke so, mai tauri, wanda zai yi kwanaki a kanta."

"Ɗanye ke nan. Wa zai yi miya da ɗanye?"

"A gidan mai saye yake ƙarasa nuna."

Ƙanin maigidana ya gyara babbar rigarsa ya matso. "To ɗana, a taya mana. Ka faɗi naka mu faɗi namu, a haɗu a tsakiya."

"Baba, nan ba a tayi. Sikeli ne. Abin da ya cancanta a auna, wanda bai cancanta ba ku koma da shi."

Na miƙa masa ɗan kwandon nan na ce ga gyara. Ya ja hannunsa baya kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce in an gan shi da shi aikinsa ya ƙare. Na tsaya riƙe da kwando a gaban yaron da bai kai ɗana ba, ban san inda zan ajiye shi ba.

Abin da ya karɓa a motar nan bai fi abin da nake kasarwa a kasuwa ɗaya ba. Sauran muka mayar cikin kwanduna da hannuwanmu, rana tana dukansa, ba sauran fuska ba sauran ƙasa. Direba ya ce a yi sauri, ruwan tumatirin yana zubo masa a mota.

Muka juya kasuwar Bici. Motocin kudu sun gama lodi sun tashi. Dillalin yana zaune a kan benci. Ya dubi ɗana ya ce, "A'a, ba kana da masu saye ba?" Ɗana ya sunkuyar da kai. Dillalin ya taso ya leƙa motar, ya cusa hannu cikin kwando, ya zaro shi jiƙe. Ni ya yi wa magana. "Inna, ko na karɓa wa zan kai wa? Kafin ya kai Zariya ya zama ruwa."

A hanyar gida ba wanda ya yi tsokana. Ɗana yana baya cikin kwanduna, ƙudaje na bin motar. Da muka isa matarsa ta leƙo, ta ga kayan da suka fita sun dawo, ta koma ciki.

Washegari ranar kasuwarmu ce, amma ban je gindin darbejiya ba. Da na idar da sallah na share bayan gida, na shimfiɗa buhuna, na wasa wuƙa a kan dutse. Na zauna ina yanka tumatirin gida biyu ina shanyawa, in ya bushe ya zama kauɗa, ko a samu abin da za a sayar da damina. Wanda ya ruɓe na tura wa awaki. Har rana ta take ban kai rabin kwandunan ba.