Damin Dubu a Bakin Titi

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Mai tauna ya haɗiye, mai goyo ta lallashi nata. Abin da zan faɗa babu gizo a ciki, babu ƙoƙi. Da idona na gan shi, ina tsaye a bakin titi.

Mu mutanen ƙauye ne, can gefen Tafoki, kuma a zamanin gidanmu bai shiga salla ba tukuna. Maguzawa ake ce da mu. Babana noma kaɗai ya sani, kuma tun ina ƙarama na san abu guda yake nema a duniya: ya yi dubu. Wato a shekara guda gandunsa ya ba da dami dubu na hatsi. Wanda ya yi haka, manoman ƙasar su naɗa shi sarkin noma, ya buɗe rumbu ya ciyar da jama'a, makaɗa su riƙe sunansa har bayan ransa. Kakanmu ya yi. Baba kuwa ya sha zuwa kusa, sai fari ya zo, ko tsuntsu ya sauka, ko ciwo ya kwantar da masu aiki.

Yin dubu yana da ƙa'ida. Ba a faɗi tun ba a kai ba. Wanda ya buɗe baki ya ce bana zan yi, ya kori abinsa da kansa. Maigida shi kaɗai ke riƙe lissafi a cikinsa. Ran da lissafin ya kai, damin ƙarshe shi zai ɗaure da hannunsa, ya ɗora wa babban ɗansa a kai. Daga gona sai gindin tsohuwar kukar da ke tsakiyar kasuwar gari, inda dattawan manoma ke zama. Ganga a gaba, jama'a a baya, don kowa ya shaida. Damin ba ya sauya kai, ba ya taɓa ƙasa, ba ya kwana a hanya. In ɗaya ya faru cikin waɗannan, dubu ta karye, kuma mutum ba ya ɗaure damin dubu sau biyu a rayuwarsa.

Ana nan, ana nan, babban farin nan ya zo ya wuce. Aka ce an haƙo mai a kudu, kuɗi sun shigo ƙasa. Samari suka riƙa jingine fartanya suna tafiya Kaduna ɗaukar siminti. Abokan Yaya, babban wanmu, sun zo da rediyo da agogo suna jan shi, ya ce shi ba ya barin tsoho da gandu. En'e, hukumar sarakuna, ta tafi, aka kawo ƙaramar hukuma. Garin da muke cin kasuwa aka zuba masa kwalta, titi ya zagaye kasuwar kaf, ta ko'ina ka ɓullo sai ka taka shi. Mu dai mun ga baƙin abu ne a shimfiɗe mai zafin ƙafa. Ba mu san yana da mai shi ba.

A shekarar damina ta yi kyau. Ni ina aure wajen Ketare, muka zo ni da maigidana taya aikin kaka. Wata safiya ana ɗaurin dawa, sai Baba ya miƙe ya riƙe ƙugu, ya ce a kira masa makaɗi. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Uwata ta yar da ƙwaryar hannunta ta rangaɗa guɗa, har tsuntsaye suka tashi daga kan gawo.

Baba bai manta da ladabi ba. Ya aika da goro da jan zakara gidan mai gari, yadda kakanmu ya yi, a faɗa masa za a shigo da dami. Ɗan aike ya dawo ya ce mai gari ya sa albarka, ya ce hanya tamu ce. A wurinmu izini ya samu ke nan. Wane izini kuma ya rage?

Baba ya ɗaure damin. Bai yi ƙarami ba, don kada a ce ya yi wa dubu ƙwange. Uwata ta naɗe zanenta ta yi wa Yaya gammo. Aka ɗora masa. Makaɗin, wani siririn tsoho mutumin Damari wanda bakinsa bai san hutu ba, ya buga gangar noma, muka kama hanya. Kowace unguwa muka wuce mutane su fito su bi mu, mata da ludayi a hannu, maza da lauje. Baba na tafe bayan damin, ba ya kallon kowa. Ban taɓa ganin shi da tsawo kamar ran nan ba.

Hantsi ya yi muka kai bakin gari. Ga kan kukar muna hange ta saman rumfunan kasuwa. Sai wani saja ya fito tsakiyar titi da 'yan sanda biyu, ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya! Wa ke da taron nan?"

Baba ya matso ya ce, "Ni ne, ɗana."

"Baba, ina takardarku?"

"Takardar me?"

"Ta izini. Ba a hawa titi da kiɗa da jama'a sai da takardar hukuma."

Baba ya ce ai mai gari ya sani, zakara ma yana gidansa. Saja ya ce shi bai ga zakara ba, kuma ko ya gani, zakara ba hatimi ba ne. Makaɗi ya saƙalo kai ya ce, "Ranka ya daɗe, mai igiya a hannun riga, bari in yi maka kirari ɗaya mu wuce. Ko uwarka ba ta san ka yadda zan faɗe ka ba."

Saja ya yi dariya, har haƙoransa suka fito, amma bai matsa ba. Ya ce, "Tsoho, in ka ƙara taɓa gangar nan ku kwana tare da ita a caji ofis." Sannan ya juya ga Baba ya sassauta murya. Ya ce bara wata babbar mota ta afka cikin 'yan kai amarya a titin nan, shi ya kwashe mutanen da hannunsa. Tun daga nan aka kafa doka. In ya bar mu, kakinsa za a tuɓe.

Baba ya yi masa bayanin damin. Saja ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To ga dabara. Mai kayan ya tsallaka shi kaɗai, ba ganga, ba kowa a bayansa. Mai kaya ba ruwansa da takarda."

Baba ya ce, "In ya tsallaka shi kaɗai, ɗan dako ne ya kai dawa kasuwa. Wa ya shaida?"

Maigidana ya ari keke ya tafi ofishin ƙaramar hukuma neman takardar. Mu kuma muka tsaya. Yaya na bakin kwalta, yatsun ƙafarsa ba su fi taki guda da ita ba, dami a kai. Ba inuwa a wurin, don masu titi sun sare itatuwan da ke gefen hanya. Ba a jingina damin da bango, ba a tallafa masa. Mai ɗauka shi kaɗai ne da kayansa.

Da maigidana ya dawo, fuskarsa ta riga bakinsa. Ya ce malamin ofis ya karɓe shi da mutunci, har kujera ya ba shi. Ya ce takardar ba wuya, amma tun da sauran kwanaki ake nemanta. A faɗi ranar, a faɗi hanyar da za a bi, a faɗi yawan mutane da abin da ya tara su.

Baba ya ce, "In faɗi ranar tun ba ta zo ba?"

"Haka ya ce, Baba."

"In je in gaya wa baƙo bana zan yi dubu?"

"Na gaya mishi ba a faɗi. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya sani, amma gurbin da aka bari a takardar sai an cike shi. Ya rubuta mana. Sai dai mai sa hannun ya tafi Funtuwa taro, ba a san dawowarsa ba."

Aka koma wurin mai gari. Bai fito ba. Ya aiko a ce wa Baba ya yi haƙuri, da ya ce hanya tamu ce tsohuwar hanya yake nufi; titi ya fi ƙarfin rawaninsa.

Ladan ya kira azahar a cikin gari. Gumi ya jiƙa gammon har yana ɗiga a haɓar Yaya. Na ɗebo ruwa a ludayi na kai masa baki, don ba ya iya sunkuyawa, ba ya iya ɗaga kai. Na ce, "Yaya, sannu." Ya ce, "Ke dai ki kore mini ƙudan nan, shi ya fi damin nauyi." Na tsaya ina yi masa fifita da gefen mayafina. Abin da na iya ke nan duk ranar.

Muna nan sai ga jerin motoci, an ɗauko wani ɗan kwangila da ya dawo daga Makka. Sun cika titi, suna ta oda, yara sun leƙo ta taga suna ihu. Saja ya ƙame ya sara musu. Makaɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, su waɗanga ina tasu takardar?"

"Waɗannan motoci ne. Titi na mota ne."

"Ashe taya muka rasa. Jama'a, wa ke da taya ya ara wa tsoho ya ɗaura a gindi?"

Mutane suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Waɗanda suka biyo mu suka fara zarewa, wannan ta ce ta bar tukunya a wuta, wancan ya ce awakinsa ba su sha ruwa ba. Dattawan manoma suka aiko daga gindin kuka cewa suna nan zaune, ba za su tashi ba sai rana ta faɗi, amma su ba sa tasowa su tari dami a hanya, ba a taɓa yi ba. Wasu samari suka ce a ture 'yan sandan a wuce da ƙarfi. Baba ya ce damin da aka kai da faɗa ba ya so.

Duk motar da ta ɓullo daga wajen Funtuwa sai mu zuba mata ido. Ta siminti ta wuce. Ta shinkafar waje ta wuce. Saja da kansa ya aika ɗan sanda ya duba gidan mai sa hannun, aka ce bai dawo ba. Ya sayo rake ya miƙa wa Baba. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya riƙe a hannu bai sha ba.

Bayan la'asar wuyan Yaya ya fara rawa. Jijiyoyin sun fito kamar igiyar guga. Gwiwoyinsa na lanƙwashewa yana miƙe su. Can sai jini ya ɓalle masa ta hanci, ya bi leɓe ya sauka a ƙirji. Uwata ta zube gaban saja ta kama takalminsa. Ya ja da baya yana cewa, "Inna, tashi, don Allah tashi, ba ni ba ne." Ta rarrafa wurin Baba ta ce, "Maigida, ɗanka."

Baba ya ɗaga kai. Ya dubi rana, ta sauko kan rumfuna. Ya dubi hanyar Funtuwa, ba kowa. Ya je gaban Yaya ya tsaya.

Yaya ya ce, "Baba, kada ka taɓa. Zan iya."

"Na san za ka iya."

"Saura kaɗan ya zo."

"Ɗana, saki."

Yaya bai saki ba. Baba ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya rungumi damin, ya sauke shi a hankali a gefen titi, yadda ake kwantar da jariri. Da nauyin ya bar kansa, Yaya ya faɗi zaune, ya fashe da kuka, ƙato da shi mai 'ya'ya. Makaɗi ya kwance gangarsa ya juya ta baya. Saja ya cire hula ya riƙe a hannu.

Muka koma gida. Bijimin da aka tanada an riga an yanka, don haka Baba ya ce a buɗe rumbu a ci. Aka ci, aka sha, ba kiɗa. Bayan an ci kasuwa biyu masinja ya kawo takardar har gida, da hatimi da sa hannu, an ba mu izini. Baba ya juya ta gaba da baya, ya miƙa wa uwata. Ta ƙunshe kanwa a ciki.

Baba ya ƙara damina kaɗan yana noma, kuma ba a ƙara jin ya tambayi yawan dami ba. Ya rasu da sunan da uwarsa ta sa masa, ba sarauta. Uwata ta bi shi ba da daɗewa ba. Yaya wuyansa bai ƙara komawa daidai ba, in zai dube ka sai ya juyo da jiki duka. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya raba gandun da ƙannensa ya tafi Kaduna, ya yi gadi a wata masaƙa har ya tsufa, a can aka binne shi. Makaɗi, da siyasa ta dawo, ya koma yi wa masu neman zaɓe kiɗa a bayan a-kori-kura, ya yi ƙiba, ya yi haƙorin Makka. Mai gari ya makance, ɗansa ya gaje shi. Saja an ɗauke shi daga garin tun kafin wata kaka. Wani ya ce ya gan shi yana kiwon kaji bayan ya aje aiki. Maigidana ya shiga salla, na bi shi, muka koma Sabuwa, ya riga ni gidan gaskiya. Ni kuwa ga ni, ido ya yi rauni, ina tsince wake a tire ina raba jikoki faɗa.