Kawu Dauda da Tabarmar Dangi

Duk wanda ya san Kawu Dauda ya san ba ya buɗe kwamfutarsa sai ya yi mata sallama. "Ai mutane ne a ciki," in ji shi. Kuma gaskiyarsa ne. Tun da ya bar koyarwa ya koma Zandam, aikinsa ɗaya: rubuta sunan duk wanda muka haɗa jini da shi, rayayye da mamaci.

Manhajar nan mai layi-layi da gida-gida yake amfani da ita, wadda ake baje komai a shafi guda. Shi "tabarma" yake ce mata. Bayan la'asar sai ya zauna gindin bishiyar maina, ya ja sunayen sama, ya ja su ƙasa, yana murmushi shi kaɗai kamar mai jin hirarsu.

Ni kuwa 'yar ƙanwarsa ce, aikin kwamfuta nake a Birnin Kudu. Duk zuwan da na yi sai na ce, "Kawu, abin nan ya fi ƙarfin tabarma. Mu mayar da shi manhajar rumbun bayanai. Can kowa a haɗe yake da iyayensa da 'ya'yansa, wanda ka tambaya shi za ta fito maka da shi."

"Haba Dije! In zuba dangina a rumbu? Gero ne su?"

Na nuna masa Muhammadu har goma sha bakwai a jere, na ce a rumbu kowa da lambarsa, babu rikicewa.

"Lamba? Ubana ne zai ɗau lamba kamar babur ɗin haya? Wannan Muhammadu Mai Tari ne, wancan Muhammadu Ba-Ya-Gaisuwa. Wa ya rikice?"

Ai kuwa ranar sunan jikansa tabarma ta yi halinta. Ya jera layin maza bisa haruffa, ya bar na matansu yadda yake. Ya miƙe gaban jama'a yana karanto salsala, sai ga Inna Kulu, gwaggonsa mai shekara tamanin da 'yan kai, ta zama matar Liman! Liman ya ƙware da kunu. Inna Kulu ta ɗago murya ta bayan zana: "Dauda, yaushe aka ɗaura ban sani ba?"

Kawu ko gezau. Ya gyara tabarau ya ce, "Na'ura ce ta ga kun dace."

Washegari ya kira ni. "Kawo rumbun naki. Amma kar ki naɗe min tabarmata."

Da na gama kwashe sunayen, ya ce in tambayi manhajar su wa mahaifiyarsa, Inna Delu, ta bari a duniya. Kafin ya rufe baki suka fito: na Gwaram, na Surko, na Yalwan Damai, jikoki da tattaɓa-kunne. Ya daɗe yana kallo, iska tana kaɗa inuwar ganyen maina a kan allon kwamfutar.

"Ashe 'yar tsohuwar nan ta cika garuruwa," ya ce a hankali. "Dije, tambaye ta, Inna ta yafe min zakaranta da na gasa ina yaro?"

"Kawu, wannan ba ta sani ba."

"To kin ji! Ashe duk burga ce."

Daminar bara ya rasu. Ni na rubuta ranar a gaban sunansa, sai da na yi sati uku kafin hannuna ya yarda. Allah Ya jiƙan Kawu Dauda, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mutanensa a Aljanna, kowa ya gane kowa. Amin.