Magogin da Inna Iyatu Ta Ƙi Karɓa

A gidanmu na Karaye ta wajen Jega akwai wani magogin goro, guntun gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Da shi kakarmu take goge goro ya zama gari, don tun tana shekara arba'in da 'yan kai haƙoranta suka ƙare. Uwarta ma haka ta yi. Matan gidanmu sun ɗauki abin gado, suna cewa kowace haihuwa da haƙorin da take tafiya da shi.

Inna Iyatu yayar mahaifiyata ce. Tana aure a Jega Firchin, kuma sana'arta sayar da furen taba, wanda mata kan goga a haƙori bayan sun ci goro, baki ya yi jawur. Ita ce tallar kayanta. In ta yi dariya a kasuwa, sai tirenta ya ƙare kafin azahar.

Da kaka ta rasu, lokacin yankinmu yana cikin jihar Sakkwato, aka miƙa wa Inna Iyatu magogin a matsayinta ta babba. Haƙorinta ɗaya na ƙasa ya riga ya fara girgiɗi, kowa ya gani. Ta dubi abin nan, ranta ya ɓaci.

Ta ce, "Ku aje abinku. Ni ba ni cin goro awa mai shan kunu."

Aka yi mata dariya. Ita kuwa ba a yi mata dariya ta kwana da ita. Ranar kasuwa ta ajiye tire ta nufi asibiti, inda ta samu wata ma'aikaciya mai suna Asabe. Asabe ta leƙa bakin ta ce ba ta ganin komai sai rini. Ta ce ta bar goro da fure kwana bakwai, sannan ta yi asuwaki ta tofa a farin ƙyalle.

Ran kwana na bakwai ta tofa, sai ga jini. Ashe shekara da shekaru dasashinta yana zubar da jini, jan fure yana rufe shi. Ta koma a fusace. Asabe ta nuna mata a madubi yadda dasashin ya kumbura ya janye daga gindin haƙora, da dattin da ya daskare a wurin kamar ƙanzon tukunya. Ta ce wannan ne yake cin gindin haƙori har ya faɗi, ba haihuwa ba.

Inna Iyatu ta hau mota har Sakkwato, aka kankare mata dattin nan, sau biyu tana komawa. Mai girgiɗin bai tsira ba, an cire shi. Sauran ta tsare su kamar 'ya'yanta: asuwaki kowace alwala, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma. Fure kuwa ta zubar da shi a bola, ta ɗora itacen asuwaki a tiren.

Nan fa ta sha baƙar magana. Mata suka ce ta zama mai farin baki kamar ƙaton namiji. Mahaifiyata Dije ita ta fi kowa, har Jega ta je ta same ta.

"Yaya, mi kika mai da kanki? Kina son ki hi uwayenmu sani?"

"Uwayenmu ba su gani ba, ni na gani. Ke ma taho in kai ki."

"Ba ni zuwa, a kankare min baki awa ƙwarya."

Na ji haushin Inna Iyatu a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ina amarya, bakina ja, ina ganin ta zubar mana da mutunci. Ita ko a jikinta. Duk wadda ta tsaya gaban tirenta sai ta ce ta buɗe baki, wasu su zage ta su wuce.

Shekara shida bayan nan, ranar sunan ɗana na biyu a Aliero, aka raba goro a tsakar gida. Inna Iyatu ta ɗauki ɗaya ta gartsa, ƙas, har na bakin ƙofa suka ji. Sai na ga mahaifiyata ta juya baya, ta kwance bakin zanenta a hankali, ta fito da magogin kaka. Ban san ta ɗauko shi ba. Shekarunta arba'in da huɗu.

Na zaci Inna Iyatu za ta yi mata gori, don ta iya. Ba ta yi ba, hawaye ne suka zubo mata. Ta tashi ta shigo ɗakina, ta kwashe furen da aka kawo mini na jego, ta yage farin ƙyalle daga kayan jariri ta damƙa mini.

Ta ce, "Rahinatu, kwana bakwai. Kin ga wancan gwangwani? Wallahi ga uwakki za ya tsaya."

A kanta ya tsaya. Da mahaifiyata ta rasu, ba wadda aka miƙa wa shi.