Lomar Gwaggo Indo

A Nasarawan Doya ba a rama a banza. In mutum ya faɗa sai an nemo dalili, in ba a samu ba a ƙera masa. Shi ya sa lamarin Zulkifilu ya daɗe a bakin mutane, har da nawa, don katanga ce kawai ta raba gidanmu da nasu.

Zulkifilu maraya ne. Gwaggonsa Indo, ƙanwar mahaifinsa, ita ta yaye shi ta raine shi, gonar raken da uban ya bari kuma tana hannun mijinta, Malam Bashir. Ya tashi ɗan firit, aikinsa dafa mazarƙwaila lokacin rake. Zuwansa Zariya koyon gyaran babur ne ya jawo komai. Can ya faɗa hannun wani Barnaba, mutumin kudancin Kaduna, mai koyar da wani irin dambe da ake sa safar hannu, a yi naushi a kuma yi shuri da ƙafa. Ya dawo da waya cike da bidiyon wasu 'yan Japan, ƙanana kamarsa, suna kai wa juna ƙafa a wuya. Su ne gwanayensa. Ya cika buhu da yashi ya rataye a mangwaron bayan gida, kullum da safe sai ka ji dim, dim, kamar ana sussuka.

Ba mu damu da wannan ba, kowa da haukansa. Ya yi wasa a Zariya ya ci, ya je Kano ya dawo da kumburarren ido da ɗan kofi na gwangwani. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, duk lokacin da wasa ya matso, sai yaron nan ya daina cin abinci. Ya sa rigar ruwa ta leda ya tsaya bakin wutar mazarƙwaila da tsakar rana, gumi na zuba. Ranar kasuwar Makarfi ya je wurin masu awon barkono, ya cire takalmi ya hau sikeli kamar buhu.

Ya yi mana bayani, ba sau ɗaya ba. Wai a wasan nasu aji-aji ne, shi yana cikin marasa nauyi, kuma kafin a kara sai an auna kowa, wanda ya zarce ko da kaɗan ne ba zai shiga fili ba. Muka ce to. Amma tsakani da Allah, wa ya taɓa ganin ɗan damben da ke neman rama? Mu 'yan damben da muka sani mahauta ne, su ci tsire su sha fura, a kira su da kiɗa. Wasu suka ce boka ne ya ba shi laya da sharaɗi. Wasu suka ce ciwo ya kwaso a birni yake ɓoyewa. Ni dai na fi karkata ga bokan, don ban ga alamar ciwo a shurin da yake wa buhun nan ba.

Zargin da ya fi muni mata ne suka kai shi cikin gida. An ga Zulkifilu yana cin dafaffen ƙwai da kokwamba a teburin mai shayi, ga kwanon tuwon gwaggonsa yana komawa a rufe. Wata ta ce wa Indo, cikin tausayi wai, wanda ya ƙi na gida ya ci na waje akwai abin da aka faɗa masa. Ai yaro ya girma, ya san gonar ubansa, an tsorata shi kada a yi masa barbaɗe a miya. Matata ta ce daga ranar Indo ta daina raha a wurin daka. Matar da ta tauna abinci ta sa masa a baki, yau ita ake tsoro. Abin ya ci ta ƙwarai.

Ana haka babban wasansa ya zo, a Kaduna. Barnaba ya ce wanda ya ci, da shi za a tafi Legas, daga nan kuma sai inda Allah ya nufa. Zulkifilu ya ƙara matsa wa kansa, har ruwa kurɓa yake yi ya furzar. Ana gobe za a yi awo, na shiga gidan bayan la'asar aron fartanya, na tarar yana haɗa jaka. Indo ta fito da kwano, tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu, ta ajiye a gabansa. Ya ce ta yi haƙuri, in an sauko daga sikeli gobe zai ci har da suɗi.

Ta zauna a tabarmar, ta wanke hannu, ta gutsuri tuwon ta dangwali miya ta kai baki. Ta juya kwanon, ta sake gutsura ta ɗaya gefen. Sannan ta tura masa.

Ta ce, "Ka ga na ci, ɗan nan. Babu komai a ciki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Zulkifilu ya daɗe yana kallon kwanon. Sai a lokacin ya gane abin da duk unguwa ta daɗe da sani.

Ya ce, "Gwaggo, ashe abin da kike tsammani ke nan?"

Ya jawo kwanon ya cinye tas, ya nemi ƙari, ta ƙaro masa, ya kora da ruwan randa moɗa guda.

Washegari a Kaduna sikeli ya nuna ya zarce. An ba shi ɗan lokaci ya rage, ya yi gudu ya yi tsalle, bai sauko ba. Aka ba abokin karawarsa nasara ba tare da an taɓa shi ba. Barnaba ya yi fushi, ya ɗauki wani yaron Kudan a gurbinsa. A garinmu kuwa nan take aka samo dalili, aka ce tsoro ne, da gangan ya cika ciki saboda ya ga ƙarfin abokin karawar. Bai musa wa kowa ba.

Yanzu yana da rumfar gyaran babur a bakin titin Ikara, ya yi aure, har ya ajiye ɗan tumbi. Gonar ma Malam Bashir ya miƙa masa tun bai tambaya ba. Indo ba ta san abin da tuwonta ya jawo ba, ce mata Zulkifilu ya yi an ɗaga wasan. Duk Juma'a yakan zo gaishe ta, ta zubo masa abinci da hannunta. Kuma har yau, duk roƙon da ya yi mata, ba ta tura masa kwano sai ta fara kai loma bakinta.