Tsakanin Format da Formate

Bayan rasuwar maigidana, abin da ya rage mana na muryarsa bidiyo ɗaya ne, cikin kart memwar ta portabul ɗina, wato wayar hannuna. Babban ɗanmu ne ya ɗauka a Bilma, ranar da shi da babansa suke lodin gishiri a kamiyo, babbar motar kaya. Wayarsa ta lalace daga baya, don haka babu wani kopi a duniya sai nawa.

Uwar mijina, da muke kira Inna, idonta ya yi rauni. In na miƙa mata portabul sai ta kai ta har bakin hanci, ta ce, "Ni tururuwa nake gani, ba ɗana ba. Ki sa mini shi a tele."

Sai na cire kart ɗin, na ƙulle a bakin zane, na kai wa wani mai butik kusa da kasuwa wanda ke zuba finafinai a faifan DVD. Ya zuba, ya maido mini da kayana.

A gida lektar, na'urar kunna faifai, ta haɗiye faifan, ta yi ta gurnani, sannan rubutu ya fito a kan tele. Ni da girmana na koyi karatu, a ajin manya, kuma da Hausa. Faransanci sai dai in tsince shi baƙi-baƙi kamar mai tsintar shinkafa. Na tsinci kalmar farko: format. Sauran ban iya ba, ban ma nema ba. Na san wannan kalmar. Maƙwabciyata an taɓa yi wa kart ɗinta formate wurin mai gyara, hotunan jikokinta duka suka tafi.

Na mayar da kart cikin portabul. Na duba. Babu komai.

"Ya fito?" in ji Inna daga kan tabarma.

"Faifan ne ke da datti, Inna. Bari in kai a goge."

Rana tsaka na koma. Ban iya rigima ba, ban taɓa iyawa ba. Na tsaya har ya sallami masu son waƙoƙi, sannan na ajiye faifan a gabansa na gaya masa abin da tele ta rubuta.

"Af! Lektar ɗinku irin ta kakanni ce, Hajiya. Kawo kart ɗin, in canza wa bidiyon format."

Ya zura ta a ordinatar, wato kwamfutarsa, kafin in yi magana. Sai kawai na ga hannuna ya kama wuyan hannunsa, ni da ko ƴaƴana ban cika riƙewa haka ba.

"Ɗana, don girman Allah. Ka yi sau ɗaya, kada ka ƙara. Mai maganar nan ya rasu."

Ya dube ni, dariyar da ya fara ta tsaya. "Me na yi sau ɗaya?"

"Formate. Portabul ma ba ta ganin komai."

"Subhanallahi! Hajiya, kalma biyu ce. Formate shara ce, a share ɗaki tas. Format kuwa... kin san gishirin Bilma? Wani a zuba shi kantu, wani a yi shi beza. Gishirin ɗaya ne, mazubi ya bambanta. Ɗazu na zuba shi yadda yake, lektar ɗinku kuma kantu kawai ta sani. Laifina ne, ban tambaye ki ba."

"To ina gishirin?"

Ya danna. Ordinatar ta yi shiru, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Ya cire kart, ya hura mata iska, ya goga a rigarsa, ya mayar. Zoben ya ci gaba da juyawa. Na ga shi ma ya daina kallona. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina tunanin da wace fuska zan shiga gida.

Sai ga kamiyo. Sai ga farin rawanin maigidana.

"Ba ki tura ta ta zauna daidai a portabul ba ne," in ji mai butik, yana share gumi. "Kin tsorata ni, wallahi."

Sauya mazubin ya ɗauki lokaci. Ban zauna ba, ko da ya ba ni kujera. Da faifan ya fito, ya gwada shi a wata tsohuwar lektar da ya jawo daga ƙarƙashin tebur, sannan ya ƙara mini na biyu, ya ce in ɓoye cikin akwati.

Da la'asar na jawo wa Inna tabarma gaban tele. Lektar ta yi gurnaninta. Fuskar maigidana ta cika gilashin, ya juyo, ya ɗaga hannu ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji Inna. Ta matsa, ta daɗe tana dubansa. "Ji yadda ya rame. Ke, ba ki haɗa masa guzuri ba ne?"

"Na haɗa, Inna."

"To maido shi daga farko."