Tsakuwar da Ta Je Ƙofar Anti

A shekarar da na fara aiki a gidan rediyo, aka ba ni wani ɗan shirin kimiyya, na je Samaru in yi hira da wani malamin ilimin ƙasa a kan kogin ƙanƙara. Ya ce a ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara tana taruwa a kan tsaunuka shekara bisa shekara, ta danne kanta har ta dunƙule, nauyinta ya sa ta fara gangarowa. Ido ba ya ganin tafiyar. Amma tana ɓamɓaro duwatsu, wasu har kamar gida, ta riƙe su a ƙarƙashinta, tana kankare ƙasa da su har ta fafe kwari mai faɗi. Inda ta narke, nan take zube kayanta tsibi guda, duwatsun da ba 'yan wurin ba. Na tambaye shi ko haka aka yi duwatsun Kufena suka hau kan juna. Ya yi dariya ya ce a'a, waɗannan a nan suka tsufa, rana da ruwan sama ne suka sassaƙa su.

Na koma Sabon Gari ina jin abin ya yi mini nisa. A gida kuwa wata damuwa ce ta daban. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, baranda ɗaya mai jan siminti. Mama tana sayar da zoɓo da kunun zaƙi a bakin kasuwa. Ɗakin ƙarshe na wata tela ce 'yar kudu da muke kira Anti, wadda ta zo Zariya tun ban fara tafiya ba. Cocinsu daban da Mama, amma tukunyarsu kusan ɗaya. Sai ga shi a bazarar nan ta daina amsa gaisuwar Mama, ta dawo da tuwon da aka kai mata, har muka ji tana cigiyar ɗaki a Cikaji.

Na same ta na ce, "Anti, me muka yi miki?"

Ta ɗauko gwangwanin madara cike da tsakuwa ta dire a gabana. "Kullum na dawo daga shago sai in tarar an tara min su a ƙofa. Dubi ƙasa kuma." Na duba. Wasu siraran layuka ne a kan jan simintin, sun taso daga ƙofarmu sun ƙare a tata. Ta ce, "Ni ba yarinya ba ce. A garinmu mun san ma'anar wannan."

Mama tana jin mu daga ɗaki. Ta ɗaga murya ta ce, "Madam, da na iya asiri ai wutar lantarkin unguwar nan zan fara yi wa, ta zauna wuri ɗaya!"

Anti ba ta yi dariya ba.

Na juye gwangwanin a tafin hannuna. Irin tsakuwar da aka zuba a bakin ƙofar gida ce, amma a cakuɗe take da garin katako, kuma abu ɗaya na san ana lulluɓewa da garin katako a gidanmu: ƙanƙarar zoɓon Mama. Kowace safiya mai kawo ƙanƙara yakan dire dunƙulen a kan tsakuwar nan, ta lume a gindinsa. Mama takan sare gindin mai datti ta bar shi gefen ƙofarmu, ta yi sauri ta tafi kasuwa, kowa ma ya fita. Barandar kuwa an yi ta da ɗan gangare zuwa ɗakin Anti, don ruwa ya fita. Maganar malamin Samaru ta dawo mini, amma ban yarda da kaina ba sai na gani.

Na ba Mama da Anti labarin kogin ƙanƙara, na roƙe su su zauna a gida wata safiya. Anti ta ce, "In rufe shago in zauna kallon ƙanƙara? Ke 'yar rediyo, aikin ya fara taɓa miki kai." Amma ta zauna, da ɗinkin hannunta, ta ba Mama baya.

Mama ta sare gindin ta ajiye inda ta saba. Na ja layi da gawayi a gabansa. An daɗe babu abin da ya faru, sai ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashi. Na fara shirya yadda zan ba da haƙuri. Da na sake dubawa, ƙanƙarar ta hau kan layin. Ba wanda ya ga motsinta. Na ja wani layin, ta ƙetare shi, tana barin zane a bayanta. Anti ta ajiye allura ta juyo da kujerarta.

Rana ta take lokacin da ƙanƙarar ta isa ƙofar Anti, ta tokare da dokin ƙofa, ta narke a wurin. Zafi ya shanye ruwan. Abin da ya rage shi ne ɗan tsibin tsakuwa da garin katako.

Anti ta sunkuya ta taɓa. "Da sanyi," ta ce. Ta dube ni. "Kika ce a wasu ƙasashe har dutse kamar gida take ɗauka?"

Na ce haka malamin ya faɗa.

Ta girgiza kai, sannan ta juya ga Mama. "Ke kuma, 'yar'uwa, ba ki iya zubar da shararki ba?"

Mama ta ce, "Ke kuma ba ki iya tambaya ba?"

Anti ta ɗauki gwangwanin ta je bakin ƙofar gida ta juye tsakuwar inda ta fito. Da ta dawo ta ce wannan zaman ya sa ta ƙishirwa, a zubo mata zoɓo, mai ƙanƙara sosai. Maganar Cikaji ba ta sake tasowa ba.